Ku Tambayi Masu Lambu: Yaushe Ake Yankan Labanda, Yaya Kuma Ake Busar da Ita?

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan tsiro ɗaya suka taru, wato labanda, mai siraran ganye ruwan toka da furanni shunayya. Ko wanda bai taɓa ganin ta a ƙasa ba ya san ƙamshinta a sabulu da man shafawa. Larabawa na ce mata khuzama. Dangin na'ana'a da ɗaiɗoya ce, asalinta kuma ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Tambayoyin da suka yi kama da juna mun haɗe su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum. A bayan gidan da muka koma na tarar da labanda gindi huɗu. Ta maƙwabciyata tun tsakiyar Yuni ta yi fure, tawa kuwa sai da Yuli ya raba. Wani abu ne ya same ta? (Wata uwargida daga Ingila)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya in ciwo ne. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne taki da tata ba iri ɗaya ba ne, sunan ne kawai ya haɗa su.

Wadda ke fure daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli a Turai ita ce labanda ta asali, Lavandula angustifolia, irin su Hidcote da Munstead da ake sayarwa a shagunan shuke-shuke na Ingila. Gajeriya ce, karan furenta guda ne ba reshe, ƙamshinta mai sanyi. Wadda ke biyo baya da mako biyu zuwa huɗu ita ce labandin, ruwa-biyu ce tsakanin ta asalin da wata 'yar'uwarta mai faɗin ganye. Ki duba karan furen naki. In dogo ne, zangarniyar ta yi tsini, kuma daga tsakiyar karan wasu ƙananan rassa biyu sun fito dama da hagu, sannan in kin murza kin ji kafur-kafur, to labandin ce, kuma Yuli lokacinta ne. Akwai ta uku, Lavandula stoechas, mai wasu 'yan fukafukai a ka kamar kunnen zomo, wadda kan riga kowa tun Afrilu ko Mayu.

Bayan iri, sai tudu da sanyin wuri. A yankin Provence na kudancin Faransa, gonakin Valensole kan yi shuɗi daga tsakiyar Yuni, zuwa tsakiyar Yuli an fara girbe su. A Sault da ke kan tudu mai sanyi kuwa furen kan kai Agusta, shi ya sa bikin labandarsu ke faɗowa ranar 15 ga Agusta. A tsibirin Tasmaniya na Ostareliya sai Disamba da Janairu, don lokacin ne zafinsu. Ko ina ne dai, ganiyar furen ba ta wuce mako uku zuwa huɗu.

Inda za ki damu shi ne in furen ya yi ƙaranci ko ya ƙi fitowa sam. Abu uku ke jawo haka: inuwa, don tana son rana ta awa 6 zuwa 8 a yini, sai takin zamani mai sa ganye da ya yi yawa, sai kuma aski a makare, bayan ta riga ta ɗauko toho.

Tambaya: Wasu sun ce a yanka tun furen bai buɗe ba, wasu sun ce a bari ya buɗe duka. Wanne ne daidai? (Wani mai karatu daga Jamus)

Amsa: Malam, kowannensu da gaskiyarsa, abin da ba su gaya maka ba shi ne me za a yi da ita bayan an yanka. Amma kafin nan sai ka san inda ƙamshin yake.

Ka ɗauki zangarniya guda ka dube ta da kyau. Za ka ga 'yan ƙwayoyi dogaye kamar shinkafa sun jeru zobe-zobe a jikin karan, daga bakin kowace ƙwaya kuma wani ɗan lallausan fure ke leƙowa. Wannan lallausan furen kwana kaɗan yake yi ya yanƙwane ya faɗi. Ƙwayar da ke riƙe da shi ita ce dukiyar, don a jikinta mafi yawan 'yan jakunkunan man suke. Kamar zoɓo ne: abin da muke jiƙawa mu sha ba furen yakuwa ba ne, kofin da ya riƙe furen ne. Abin da ake sayarwa da sunan busasshen furen labanda ma kofunan nan ne. Saboda haka mai girbi ba kyan furen yake jira ba, yana auna ne yaushe ƙwayar ta cika da mai kuma har yanzu tana manne da kara.

In dami kake so na ado, wanda za a rataye ko a sa a tulun fure, ka yanka da wuri: ƙwayoyin sun yi launi sosai, furanni kaɗan ne suka buɗe a zoben ƙasa, kada su haura kashi ɗaya cikin huɗu. A wannan matakin ƙwayar na riƙe da kara gam, launin kuma ya fi zama. Ka ƙara kwana biyar, damin zai bushe lafiya amma duk wanda ya taɓa shi sai ya zube.

In ƙwayoyin kake so, na shayi ko na ƙulli a akwatin kaya, ka bari kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi su buɗe. Man ya ƙaru, sussukar kuma ta fi sauƙi.

Masu tatsar mai su ne ke jira mafi tsawo, sai fiye da rabi sun buɗe, wasu ma sun fara yaushi. Su launi bai dame su ba, tunda tukunyar tatsar mai za ta.

Tsakanin matakin farko da na ƙarshe bai fi mako guda zuwa kwana goma ba, in an yi zafi ma bai kai ba. Don haka da zarar launi ya fito, kullum da safe ka leƙa. Ƙudan zuma ma ma'auni ne: ranar da ka ga sun fara yawa a kai, lokacin damin ado ya zo ko yana shirin wucewa. Kuma gindi ɗaya ba ya nuna gaba ɗaya, gefen da ke kallon rana kan riga. Gara ka yi yanka biyu ko uku da tazarar kwana uku da ka kwashe ɗanye da nunanne a dami guda.

Lokacin yini kuwa hantsi ne, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. In an yi ruwa, ka ba ta yini guda ko biyu ta sha iska. Yanka a jiƙe shi ne mafarin yawancin ɓarnar da za mu yi magana a kai nan gaba.

Tambaya: Bara na yanke tawa har ƙasa don ta fito sabuwa, sai rabin gindin ya bushe bai sake tsirowa ba. A ina ya kamata in tsaya? (Wata 'yar'uwa daga Amurka)

Amsa: Sai haƙuri, 'yar'uwa, wannan ɓangaren da wuya ya dawo. Labanda ba ciyawa ba ce da ake yi wa ƙwal ta sake tofo. Ƙasanta itace ne, kuma tsohon itacen ta asali da na labandin ba kasafai yake fitar da sabon toho ba.

Ki tattaro karan da hannun hagu cikin tafi guda, ki bi su ƙasa har inda ganye ya fara, ki yanka da lauje ƙarami mai kaifi ko almakashin lambu. Ki tabbatar kin bar aƙalla santimita 5 na kore mai ganye a saman itacen, wato ganye jeri biyu ko uku. Almakashi mai dakushi murƙushe karan yake yi, ta nan cuta ke shiga, don haka ki wasa shi ki goge bakinsa kafin ki koma wani gindin.

Bayan girbi sai gyaran jiki: ki rage kamar kashi ɗaya cikin uku na koren, ki daidaita ta ta zama kamar kifaffiyar ƙwarya. Wannan ke hana ta buɗewa ta tsakiya ta zama ƙirare. Ki gama shi aƙalla mako shida kafin sanyin farko mai daskarar da raɓa. Sabon dashe kuwa, a shekarar farko ki cire karan furen tun suna ƙanana, duk da abin da ciwo, don ƙarfin ya tafi saiwa. Cikakken girbi sai shekara ta uku.

Tambaya: Na ɗaure dami uku na rataye a ɗakin girki. Bayan kwana goma wajen ya bushe, amma da na kwance sai na ga tsakiyar ta yi baƙi tana warin fumfuna. Na huɗun da na shanya a taga kuma ya koɗe ya zama fari-fari. Ina kuskuren yake? (Wata mai karatu daga Faransa)

Amsa: Hajiya, kin haɗu da maƙiyan busarwa biyu a lokaci guda, danshi da haske. Na ukunsu zafi ne. Bari mu bi aikin daga farko, za ki ga inda aka kauce.

Daga yankewa zuwa ratayewa kada ya wuce 'yan awanni. Ɗanyar labanda in an tara ta tuli ɗaukar zafi take yi daga ciki, kamar ɗanyar harawa da aka jibge, kafin yamma ta fara sauya launi. In ba za ki ɗaure nan take ba, ki baje ta a inuwa. Kada ki wanke ta. Ki karkaɗe ƙwari da ƙura kawai.

Ki zage ganyen da ke ƙasan karan, wurin da za a ɗaure. Ganyen nan ne ke riƙe ruwa a tsakiyar ƙulli, kuma daga nan fumfuna ke farawa. Sannan girman damin: kara 50 zuwa 100 ya isa. Ma'aunin da ba ya buƙatar ƙirga shi ne, in babban yatsanki da manuniya ba su zagaye gindin damin sun haɗu ba, ya yi kauri, ki raba shi biyu. A wurin da iska ke da laima, kara 30 ma ba laifi. Muna kyautata zaton naki sun fi haka kauri.

Ki ɗaure da robar ɗaure kuɗi, zagaye biyu ko uku, kamar santimita 5 daga ƙarshen karan. Zare ko igiya ba sa bin kara in ya motse, bayan kwana huɗu sai ki tarar da rabin damin a ƙasa. Roba kuwa tana ƙara matsewa. Ki lanƙwasa 'yar waya ta zama ƙugiya, ki rataye damin kai ƙasa don karan ya bushe a miƙe. Tsakanin dami da dami ki bar tazarar tafin hannu, kada kuma ya jingina da bango.

Wurin ratayewa ya zama mai duhu, busasshe, mai shigar iska. Ɗakin girki ya faɗi a nan, don tururin tukunya da hayaƙin mai kullum suna cikinsa. Banɗaki da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ma haka. Ɗakin da ba a kwana a ciki, an saki labule an ɗan buɗe taga, ya fi. In iska ba ta motsi ki kunna fanka a hankali, tana kaɗawa a ɗakin, ba tana dukan damin ba. Zafin da ake so digiri 20 zuwa 30 ne. Da ya haura 40 man ya fara tashi, ɗakin zai yi ƙamshi, abin da ke cikin kwalba daga baya kuma ya zama ciyawa. Na tagar kuwa rana ce ta cinye launinsa, dalilin da ya sa ake shanya zogale da kuka a inuwa in ana son su zauna kore.

A yanayin Turai ki ba ta mako biyu zuwa huɗu. Kada ki yarda da wajen damin. Ki zaro kara daga tsakiya, daga daidai ƙarƙashin robar, ki lanƙwasa. In ya karye ƙas, ta bushe. In ya tanƙwaru kawai, da saura. A kwana ukun farko yana da kyau ki riƙa buɗa tsakiyar da yatsa kina shinshinawa, don a nan ake kama matsala tun ba ta yi nisa ba. Ki shimfiɗa tsohon zani a ƙasa ya tare ƙwayoyin da ke zubowa.

Damin da ya yi fumfuna ki zubar da shi duka. Kada ki tsince na gefe ki sa a shayi ko cikin tufafi.

Tambaya: Ba ni da wurin ratayewa. Zan iya sa ta a obin, wato na'urar gashi ta ɗakin girki? (Wani ɗalibi daga Turkiyya)

Amsa: Ba mu ba ka shawara ba. Mafi ƙarancin zafin yawancin obin na gida ya wuce abin da man ke jurewa. In kana da na'urar busar da 'ya'yan itace, sa ta a digiri 35 zuwa 40, ka jera karan ba tare da wani ya hau wani ba, ka riƙa dubawa duk awa. In babu, shimfiɗa su falle ɗaya a kan raga ko takarda a saman kabad, kana juyawa kullum.

Tambaya: Ina sana'ar turaren wuta da humra. Ina so in shuka labanda a gida in daina saye. Za ta yi a nan? (Wata 'yar kasuwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Gaskiyar magana, in don ki daina saye ne, ba za ta fisshe ki ba. Labandar da ake yin turare da ita tana buƙatar sanyi na watanni kafin ta yi fure sosai, tana kuma son lokacin zafinta ya zo a bushe. Mu kuwa namu a juye yake: bazara ta kai digiri 40, damina ta biyo da laima, saiwar ta ruɓe. Takan yi ganye a hunturu, ta ƙi fure, ta mutu a Agusta. Jos da tsaunin Mambila sun fi sanyi, amma ruwansu ya yi mata yawa sai an yi mata rumfa. Akwai danginta na daji a duwatsun Hoggar na Aljeriya da Tibesti na Chadi da Jabal Marra na Sudan, sai dai ƙamshinsu ba shi ne wanda masu sayen kayanki suka sani ba.

In sha'awa ce, ki nemi Lavandula dentata, mai ganye kamar haƙoran zarto, ta fi jure zafi kuma ba ta jiran sanyi kafin ta yi fure. Ki dasa a tukunyar ƙasa mai huji, da haɗin yashi mai tsakuwa kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya, da ɗan ruɓaɓɓen taki kaɗan. Ki fara a Nuwamba. Ban ruwa sai kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe kamar santimita 3. Da damina ki ja tukunyar ƙarƙashin baranda. Dashen reshe ya fi iri tabbas: reshe mai santimita 8 zuwa 10 kan yi saiwa cikin mako uku zuwa shida. Duk wanda kuma ya ce zai sayar miki da irin labandin, ki riƙe kuɗinki, don ita ba ta yin iri mai tsirowa, da reshe ake yaɗa ta.

In kin sami abin yanka, hunturu zai busar miki da shi cikin mako guda. Ƙura ce matsalar, sai ki zura kan damin cikin jakar takarda da aka huhhuda. Ban da leda.

Wajen sayen busasshiya, ki murza kaɗan a tafi: mai kyau ƙamshinta zai tashi nan take, tsohuwa sai warin ciyawa. Ki goga ta a jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in ya yi shuɗi an rina ta. A haɗin turaren wuta kuma ki zuba ta bayan kin sauke ya huce, don in ta shiga tukunyar sukari da itace a kan wuta, ƙamshin a tukunyar zai ƙare.

Tambaya: Ta bushe lafiya. Yaya zan raba ƙwayoyin da kara, kuma a me zan adana? (Wata mai karatu daga Kanada)

Amsa: Ki zura kan damin cikin tsabtatacciyar rigar filo, ki murza tsakanin tafukanki, ƙwayoyin za su zube ciki. Ki tankaɗe da rariya mai manyan ido don cire guntayen kara, sannan da mai ƙananan ido don ƙura ta fita. In kin iya bakace, faifai zai gama aikin. Ki yi a waje ko ki rufe hanci, ƙurarta na sa atishawa.

Ki zuba a kwalba mai murfi ko gwangwani, ki rubuta wata da shekara, ki ajiye a kabad mai duhu. Kwana ukun farko ki duba: in kin ga gumi a jikin kwalbar, ki juye ki sake shanyawa. Ta shayi ki cinye cikin shekara guda. Ta ƙullin kaya kan kai shekara biyu ko uku, in ƙamshin ya kwanta ki matsa ƙullin, sabbin jakunkunan mai za su fashe. Karan ma kada ki yar, yana da ƙamshi a garwashi.

Tambaya: Na yi shayi da ita ya fito da ɗaci kamar magani. Kuma ko zan iya tatsar manta a gida? (Wani magidanci daga Sudan)

Amsa: Malam, ko dai labandin ka samu, ko ka cika hannu. Labandin irin Grosso, wadda ta fi yawa a kasuwa, kafur ɗinta ya ninka na ta asali sau da yawa, ta sabulu ce da ƙullin kaya. Ta baki ita ce angustifolia, kuma wadda aka sayar don ci, ba ta shagon furanni da mai yiwuwa an yi wa feshi ba. Ƙaramin cokali ɗaya a kofin ruwan zafi, a rufe minti biyar, a tace. In ta wuce haka a ruwa sai ɗaci.

Man da ake sayarwa a 'yan kwalabe da tururi ake tatsar sa, kuma yana cin fure: lita guda na buƙatar wajen kilo 130 na ta asali, ko kilo 40 na labandin. Shi ya sa ya zama aikin manyan gonaki a Bulgeriya da Faransa. Abin da za ka iya a gida shi ne jiƙo: ka cika rabin kwalba da busassun ƙwayoyi, ka zuba man zaitun ya rufe su da kamar santimita 2, ka rufe, ka riƙa girgizawa duk bayan kwana biyu, bayan mako huɗu zuwa shida ka tace da ƙyalle. Sai sun bushe ƙayau, don ɗanyen fure a cikin mai ruɓewa yake yi. Wannan na shafawa ne kai tsaye. Na kwalbar kanti kuwa ba a sha, ba a kuma shafa shi tsura: ɗigo 6 a babban cokali biyu na man zaitun ko na kwakwa, a fara gwadawa a ɗan wuri a hannu a kwana kafin a shafa a jiki.